Darasi na Tara: In Wanda Ake Bi Bashi Ya Ƙaura, Ina Makomar Jingina?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bambanta bashi da jinginar da aka ɗora a kansa.
2. Bayyana abin da ke faruwa da jingina idan wanda ake bi bashi ya koma wata jiha ko wata ƙasa.
3. Faɗin haƙƙin kowane ɓangare a shari'ar Musulunci da kuma dokar Najeriya.
4. Rubuta takardar jingina da za ta yi amfani ko da an rabu da gari.

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohi uku: Katsina, Zamfara da Neja. Wanda ya bi hanyar Funtua, kafin ya ankara ya shiga Katsina. Wanda ya nufi Tegina ya faɗa Neja. Dajin Kamuku kuwa haɗe yake da na Kuyambana, wanda ya miƙa har ƙasar Ɗansadau a Zamfara. Tun da can mutanen wannan yanki masu kai da kawo ne: manoman masara, masu kiwo, masu haƙar zinariya da 'yan kasuwar hatsi.

Shekarun ta'asar 'yan bindiga sun mayar da wannan kai da kawo gudun tsira. Bayan hare-hare irin wanda aka kai Gwaska a watan Mayun 2018, ƙauyuka da dama sun watse. Waɗansu mutanen sun tare a cikin garin Birnin Gwari, waɗansu sun yi Kaduna da Zariya, waɗansu sun tsallaka jihohin maƙwabta. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako a yankin, ta hana hawan babur na wani lokaci, aka kuma katse layukan waya. Kasuwar kara ta Birnin Gwari, wadda ta yi shekaru a rufe, sai a watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta.

Duk wanda ya gudu ya bar wani abu a baya, kuma cikin abin da aka bari har da basussuka. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai manomin da ya karɓi taki ya jinginar da shanun huɗarsa. Akwai matar da ƙaramin banki ya ba kuɗin injin niƙa. Akwai wanda ya jinginar da gona don ya haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa. Yanzu da hanyoyi suka fara buɗewa, masu bin bashi suna neman haƙƙinsu, waɗanda suka jinginar suna neman kayansu. Saboda haka wannan darasi ya shafi kowa a ajin nan.

Kashi na ɗaya: Bashi daban, jingina daban

Bashi nauyi ne a wuyan mutum. Duk inda ya je yana tare da shi, ko Legas ya koma ko Agadas. Ƙaura ba ta sauke shi, mutuwa ma ba ta sauke shi, domin a Musulunci sai an biya bashin mamaci daga dukiyarsa kafin a raba gado.

Jingina kuwa haƙƙi ce a kan wani abu takamaimai: wannan saniya, wannan babur, wannan gona. Amfaninta yana fitowa ne ranar da masu bin mutum bashi suka yi yawa, dukiyarsa ta kasa. A ranar, mai jingina shi ake fara biya daga kuɗin abin da aka jinginar masa, sauran su raba abin da ya rage. Wanda ya ba da bashi ba tare da jingina ba yana cikin sauran.

To, ga inda matsalar ƙaura take. Kowa ya yarda bashi yana nan. Abin tambaya shi ne: a sabon garin, wa ya san cewa wannan abu jingina ne? A ƙauyenku mai unguwa ya sani, liman ya sani, maƙwabta sun sani. A Funtua ba wanda ya sani. Wani zai iya sayen baburin da zuciya ɗaya, wani bankin zai iya karɓarsa jingina karo na biyu. Dukkan dokokin da za mu karanta a ƙasa amsar wannan tambaya suke ƙoƙarin bayarwa. Hanyoyin kuwa uku ne: a riƙe kayan a hannu, a sami mai tsayawa, ko a rubuta a rajistar da kowa zai iya dubawa.

Kashi na biyu: Abin da shari'ar Musulunci ta tanada

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ayar da ke biye mata ta yi maganar jingina, kuma a halin tafiya ta ambace ta, lokacin da ba a sami marubuci ba. Wato tun farko an san cewa jingina maganin rabuwa ce. Ya kuma tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jinginar da sulkensa wurin wani Bayahude a Madina don sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi ta littattafai irin su Risala da Muhtasar, ga dokokin da suka fi shafar darasinmu.

Na farko, jingina ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓi abin, ya shiga hannunsa ko hannun wani amintacce da suka yarda da shi. Idan an ce "na jinginar maka da shanuna" amma shanun suna turken mai su har ya mutu ko ya karye, mai bin bashi ya rasa fifiko, ya koma sahu ɗaya da sauran masu bin bashi. Haka kuma idan ya karɓa, daga baya ya mayar wa mai su da kansa don ya ci gaba da aiki da su. Da wannan doka ƙaura ba ta cutar da mai jingina, tunda mutumin ne ya tafi, kayan suna nan.

Na biyu, jingina ba ta zama mallakar mai bin bashi don kawai wa'adi ya wuce. Ba ya halatta a ce "in ba ka biya ranar kaza ba, saniyar ta zama tawa". Sai dai a sayar, ta hannun alƙali ko da izinin mai ita, a cire bashin, a mayar masa da rara. In mai ita ya yi nisa ba a same shi ba, alƙali ne ke ba da umarnin sayarwa bayan an tabbatar masa da bashin da jinginar.

Na uku, abin da dabbar jingina ta haifa yana bin uwarsa cikin jinginar. Amma amfanin itace ko kuɗin hayar gida na mai jinginarwa ne, sai in an sa shi cikin sharaɗi.

Na huɗu, wannan kuwa ya shafi Birnin Gwari ƙwarai: in abin jingina ya salwanta a hannun mai bin bashi, wa ke da asara? Malamai sun raba kaya kashi biyu. Abin da ake iya ɓoyewa, kamar zinariya ko tufa, mai riƙe da shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba. Abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba ko gida, ba ya biya in ba a kama shi da ƙarya ko sakaci ba. Ke nan idan ɓarayin daji sun kore garke har da saniyar jingina, asarar saniyar ta mai ita ce, bashin kuma yana nan a kansa.

Na biyar, mai bin bashi yana iya neman alƙali ya hana wanda yake bi yin tafiya, in wa'adin zai cika yana can, har sai ya kawo mai tsaya masa ko ya wakilta wanda zai biya. Amma wannan ga mai tafiyar ganin dama ne. Wanda tsanani ya kama, aya ta 280 ta wannan surar ta yi umarnin a jinkirta masa zuwa lokacin da ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Mutumin da aka ƙone wa rumbu ya kwana a daji da 'ya'yansa ba maƙetaci ba ne.

Kashi na uku: Lamuni, hanyar fatake

Kakanninmu sun yi cinikin bashi tsakanin garuruwa masu nisan watanni ba tare da banki ba. Fataken goro sun yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja, masu shanu sun kai dabbobi Kurmi. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne maigida. A unguwar Sabo ta Ibadan, alal misali, mai shanu daga Arewa yana sauka wurin maigidansa. Dillalan maigida su sayar wa mahauta shanun bashi, maigidan ya ɗauki lamuni: in mahauci bai biya ba, shi zai biya. Baƙo bai san mahautan ba, amma ya san maigida, maigida kuma ba ya barin gari domin gidajensa da sunansa suna nan.

Har gobe haka ake yi a kara da kasuwannin hatsi irin su Dandume da Dawanau. Darasin da ke ciki shi ne, in wanda za ka ba bashi mai motsi ne, nemi mai tsaya masa wanda yake zaune. Ku kuma da ake roƙo ku tsaya wa wani, ku sani ba shaida kuka yi ba, alkawarin biya kuka ɗauka. Da yawa sun sa hannu don kunya, suka biya bashin da ba su ci ba.

Kashi na huɗu: Jinginar gona da gida

Gona ba ta ƙaura. Saboda haka dokar wurin da take ita ke hukunci a kanta, ko mai ita yana ina. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Wanda ke da takardar mallaka ta gwamna ba zai jinginar da filin ba sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, cewa jinginar da aka yi ba da wannan amincewa ba ba ta da inganci. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye. Da zarar an yi wa jinginar gida rajista a can, ko mai gidan ya koma Kano, haƙƙin banki yana kan gidan.

Mafi yawan gonakin karkara ba su da wannan takarda. Jinginarsu ta gargajiya ce: a gaban mai unguwa ko dagaci, a ba da kuɗi, mai kuɗin ya karɓi gona. Ku riƙe abu biyu. Ɗaya, kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa gonar jingina ta gargajiya ana iya fansarta komai daɗewa, kuma magada suna da wannan haƙƙi. Wanda ya gudu shekara goma, ranar da ya dawo da kuɗi gonarsa ce. Biyu, malaman Malikiyya sun hana mai ba da rance ya sharɗanta cin amfanin gonar, domin rancen da ya jawo amfani riba ne. Al'ada ta saba da hakan, amma sabo bai halatta shi ba.

Haɗarin da gudun hijira ya kawo shi ne watsewar shaidu. Dattawan da aka yi abin a gabansu waɗansu sun rasu, waɗansu suna wata jiha. Sai mai riƙe da gona ya ce saye ya yi, mai gona ya ce jingina ce. Takarda guda mai sa hannun dagaci da ta kashe wannan gardama.

Kashi na biyar: Rajistar Jingina ta Ƙasa

Riƙe kaya a hannu yana da illa. In manomi ya miƙa shanun huɗarsa, da me zai yi noman da zai biya bashin? In ɗan acaɓa ya ajiye baburinsa, ina zai sami kuɗin? Don haka aka kawo hanya ta uku: kaya su zauna wurin mai su yana aiki da su, amma a rubuta a inda kowa zai iya dubawa cewa jingina ne.

Babban Bankin Najeriya ya buɗe Rajistar Jingina ta Ƙasa a 2016. Ranar 30 ga Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a dokar jinginar kadarorin da ake iya ɗagawa, wadda ta ba rajistar cikakken ƙarfi. Dokar ta shafi dabbobi, amfanin gona, injuna, ababen hawa, kayan shago, har da kuɗin da mutum ke bin wasu. Ba ta shafi fili da gida ba.

Ga yadda abin yake. Banki da mai karɓar bashi za su rubuta yarjejeniya. Da yardar mai kayan, bankin zai shigar da bayani a rajistar ta intanet: wane ne mai kayan, da lambar shaidarsa, da siffar kayan. In abu ne mai lamba kamar mota, a sa lambarsa. Daga nan abubuwa uku sun tabbata:

- Wanda ya riga yin rajista shi ne gaba wajen biya, ko da wani ya riga shi ba da bashi amma bai yi rajista ba.
- In an sayar da kayan ba da izinin bankin ba, a bisa ƙa'ida haƙƙinsa yana bin kayan, yana kuma bin kuɗin da aka samu in ana iya gane su.
- Kowa yana iya biyan kuɗi kaɗan ya bincika rajistar kafin ya saya ko ya ba da bashi.

Akwai togiya guda. Wanda ya sayi kaya a shagon ɗan kasuwa ta hanyar cinikin yau da kullum, kamar buhun taki a wurin mai sayar da taki, ba a bin sa don an jinginar da kayan shagon. Ba don haka ba kasuwa ba za ta ci ba.

Muhimmin abu ga darasinmu shi ne rajistar guda ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya, kuma da lambar mutum take aiki, ba da garinsa ba. Wanda ya tashi daga Dogon Dawa ya koma Funtua, ko daga Randagi ya koma Kontagora, rajistar ba ta motsa ba, bankin ba ya bukatar sake komai don ya riƙe matsayinsa. Ba ko'ina haka yake ba. A Amurka kowace jiha da rajistarta. In wanda ake bi bashi ya koma wata jiha, doka ta ba mai bin bashi wata huɗu ya sake rajista a sabuwar jihar, in ya yi sakaci ya rasa fifikonsa. Tsarin Najeriya ya sauƙaƙa wannan.

Ban da rajistar, akwai waɗansu igiyoyi da ke bin mutum. Lambar BVN, wadda aka fara a 2014, ta haɗa dukkan asusun mutum a bankuna. Daga 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya fara tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka kasa biya daga asusun mutum a wani bankin, bisa takardar da ya sa wa hannu lokacin karɓar bashin. Akwai kuma kamfanonin adana tarihin bashi, waɗanda bankuna ke tambaya kafin su ba da rance. Canza gari ko canza layin waya ba ya goge ko ɗaya daga cikinsu.

Wanda ake bi ma doka ta kare shi. Sai an aiko masa da sanarwar cewa ya saɓa alkawari, an ba shi kwanaki, kafin a ɗauki kayan. Ba a ɗauka ba tare da kotu ba sai in ya amince da haka cikin yarjejeniyar. In an sayar, rarar kuɗi tasa ce. In ya gama biya, haƙƙinsa ne a soke rajistar. Amma ku lura: sanarwar adireshin da ke cikin takarda ake aika wa. Wanda ya ƙaura bai faɗa ba, za a iya sayar da kayansa bai ji ba.

Kashi na shida: Kotu a wata jiha, da tsallaka iyakar ƙasa

Kotun jiha ikonta a jiharta yake. Amma dokar tarayya ta tanadi yadda ake kai sammaci wata jiha, da kuma yadda wanda ya yi nasara a babbar kotun Kaduna zai karɓi takardar shaidar hukunci, ya yi mata rajista a kotun Katsina ko Neja, a zartar da ita tamkar a can aka yanke. Ba sai an sake shari'ar daga farko ba. Sai dai dokokin jihohi sun ƙayyade shekarun da za a iya kai ƙarar bashi a kotunan da ke aiki da su, don haka jinkiri yana iya kashe ƙara.

In mutum ya tsallaka Jamhuriyar Nijar da kayan, lissafi ya canza. Rajistar Najeriya ta Najeriya ce. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993, mai ƙasashe 17 da ke aiki da dokokin kasuwanci iri ɗaya. Dokarsu ta jingina, wadda aka sabunta a 2010, ta ce jinginar da kaya suka zauna wurin mai su sai an shigar da ita rajistar kasuwanci ta ƙasar kafin ta yi aiki a kan wasu. Ɗan kasuwar Maraɗi da zai sayi mota rajistar ƙasarsa zai duba. Bashin bai faɗi ba, amma mai bin sa sai ya bi ta kotuna da dokokin can, abin da ke cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa bankuna kan sa sharaɗin kada a fitar da kayan daga ƙasa, shi ya sa kuma 'yan kasuwar kan iyaka suka fi dogara da mai tsayawa.

Misali don tattaunawa

A ƙaddara wani manomi a Kuyello ya karɓi rancen naira 600,000 daga ƙaramin banki, ya jinginar da injin ban ruwa da babur, bankin ya yi rajista. Ya kuma karɓi buhun taki 10 bashi wurin wani ɗan kasuwa, da baki, ya ce masa baburin nan shi ne jingina, amma bai miƙa ba. Aka kai hari, ya koma Funtua. Can ya sayar da baburin naira 400,000 ya ciyar da iyali. Bayan kaka ɗan kasuwar ya same shi.

"Malam, ka tafi ko sallama babu. Ina kuɗin takina?"

"Alhaji, ka gafarce ni. Da rigar jikina na fito. Gonar ma ban girbe ta ba."

"To baburin da ka ce nawa ne fa?"

"Na sayar, Alhaji. Yara sun kwana biyu ba su ci ba."

Mu duba matsayin kowa. Bankin yana da rajista, don haka ƙaura zuwa Katsina ba ta taɓa haƙƙinsa ba: injin yana ƙarƙashin jinginarsa, yana kuma iya bin baburin wurin wanda ya saya, tunda manomin ba dillalin babura ba ne. Alhaji bai karɓi baburin a hannu ba, bai yi rajista ba, saboda haka a shari'a da doka duka bashi kawai yake bi, ba shi da fifiko. Wanda ya sayi baburin bai bincika ba, yana iya rasa shi, sai dai ya koma ya nemi kuɗinsa wurin manomin. Manomin kuwa yana da uzurin neman jinkiri, amma sayar da abin jingina a ɓoye ya ƙara masa mai bin bashi na uku. Da ya je reshen bankin ya bayyana halinsa, da ana iya sake tsara masa biya, ko a sayar da baburin da sanin kowa a rage bashin.

Abin da takardar jingina za ta ƙunsa

1. Cikakken sunan ɓangarorin biyu, garinsu, da lambar katin ɗan ƙasa.
2. Adadin bashin da lambobi da kuma kalmomi, da ranar biya.
3. Siffar kayan dalla-dalla. In saniya ce: fara ce ko ja, shekarunta, yanayin ƙaho, tsagar kunne ko tambarin wuta. In babur ne ko inji: lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ba lambar da ake maƙalawa a baya kaɗai ba. In gona ce: maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa.
4. A hannun wa kayan za su zauna, wa zai ciyar in dabba ce.
5. Kalmar "jingina" a fili, don kada gobe a ce saye ne.
6. Sharaɗin cewa wanda ya ƙaura zai sanar, da sunan wani ɗan'uwa a wani gari da za a iya tuntuɓa.
7. Shaidu biyu, zai fi kyau ɗaya ba ɗan ƙauyen ba ne, da sa hannun mai unguwa ko dagaci.

A yi kwafi uku. A ɗauki hotonta da waya a tura wa wani amintacce da ke nesa, domin takardar da ke cikin akwati tana ƙonewa tare da ɗaki.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin bashi da jingina?
2. A mazhabar Malikiyya, me ke faruwa in mai bin bashi bai karɓi abin jingina a hannu ba har wanda yake bi ya rasu?
3. Ɓarayi sun sace saniyar jingina a hannun mai bin bashi ba da sakacinsa ba. Wa ya yi asara? Bashin ya faɗi?
4. Me ya sa komawa Funtua ba ta shafi rajistar jingina ba, amma komawa Maraɗi ta shafa?
5. A misalin da muka kawo, wane kuskure kowane ɗaya daga cikin mutum uku ya yi: manomi, Alhaji da mai sayen babur?

Aikin gida

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai ba da bashi, ɗaya mai karɓa, ku rubuta takardar jinginar injin niƙa da ta cika sharuɗɗa bakwai na sama. Sannan kowa ya tambayi mai unguwarsu ko wani dillali a kasuwa yadda suke warware rikicin jingina in ɗaya ɓangaren ya bar gari, ya kawo amsar mako mai zuwa.

Kammalawa

Ƙaura ba ta kashe bashi, ba ta kuma kashe jinginar da aka riƙe a hannu ko aka yi wa rajista. Jinginar baki kaɗai ita ce ke ɓacewa a hanya. In kai ne ka ba da bashi, ka rubuta, ka kafa shaidu, ka tausaya wa wanda masifa ta kora. In kai ake bi, ka sanar da inda ka koma, kada ka sayar da abin jingina a ɓoye. In kuwa saye za ka yi a hannun baƙo, ka nemi takardu ka bincika tun kuɗinka suna aljihunka.